Kalma Arba'in da Uku

Babana zuma yake sayarwa a Pokhara,
zumar dutse, mai ɗan ɗaci a ƙarshen harshe.
Ni na kafa masa rumfa a yanar gizo
da manhajar da ban biya ko rupi ɗaya ba.
Shekara uku ina ɗiban ruwa
a rijiyar da ban san wa ya haƙa ba.

Ran nan da damina sai rumfar ta rufta.
Allo fari fat, ba kwalba, ba farashi.
Na kai kuka cikin dare.
Kafin shayina ya huce wani ya amsa,
ya gano layin da ya karkace, ya miƙar da shi.
Na ce, nawa?
Ya ce, ba a biyan gayya da kuɗi.
In kina da ƙafa, akwai taro a Kathmandu watan gobe.

Awa takwas a bas, hanya na murɗewa kamar hanjin rago.
Na sauka da jakar baya
da tsoron kada a tambaye ni me na iya.
Ba wanda ya tambaya.
Wata Sabitri Tamang ta cillo mini riga shuɗiya
da ta sauko mini har gwiwa,
ta ce, kujeru ɗari biyu, ga su can, ga zauren nan.

Na jera kujeru.
Na rubuta sunaye a kati, na ɓata na mutum biyu,
suka yi dariya, suka rataya a haka.
Na miƙa wa wani yaro lasifika, hannunsa na kakkarwa,
ashe shi ya gyara kalandar da shagonmu ke dogaro da ita,
ga shi ko gemu bai tsiro ba.
Wuta ta ɗauke ana tsakiyar jawabi.
Aka kunna fitilun waya, mai magana bai ko haɗiye yawu ba.

Washegari ba jawabi, ba tafi, sai aiki.
Teburin masu fassara kaɗai ke da gurbi,
na zauna kusa da Harka Bahadur,
tsohon malamin makaranta mai tabarau ɗaure da zare.
Rabin awa muna ja-in-ja a kan kalma ɗaya,
sunan maɓallin da ake dannawa rubutu ya fita duniya.
Shi yana son ta littafi, mai babbar riga.
Ni ina son wadda Baba zai gane
ko da hayaƙin amya bai bar idonsa ba.
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga,
ya daɗe yana kallon silin.
Ya ce, rubuta taki.

Arba'in da uku na yi kafin rana ta faɗi.
An dawo mini da shida, wai da sauran gyara.
Na ji zafi, na gyara.

Mutumin daren nan kuwa ban gan shi ba.
Na bi katunan wuya ɗaya bayan ɗaya.
Sabitri ta ce ƙila yana Biratnagar, ƙila ƙetaren teku,
ƙila ma mace ce.
Kwalbar zumar da na ɗauko dominsa
sai na ajiye ta gefen butar shayi.
Kafin a tashi an suɗe ta tas,
har Harka ya sa yatsa.

Bayan wata biyu, da sanyin safiya,
Baba ya ce a sa sabon farashi.
Na tura masa kwamfutar gabansa.
Ya sunkuya, yatsansa mai kakin zuma na shawagi,
leɓɓansa na motsi a hankali,
ya karanta da harshenmu,
ya danna.

Bai san kalmar tawa ce ba.
Ni ma ban faɗa ba.
Na tashi na ɗora ruwan shayi.
Rigar nan shuɗiya tana rataye a ƙusa bayan ƙofa,
har yanzu ban rage mata tsawo ba.